Hoton Nomau

Na bar Tawa tun ladan bai gyara murya ba,
kamara naɗe cikin tsohon rawani.
Hanyar Agadas ta tauna mini ƙugu
har Tabalak ta buɗe ido cikin rairayi.

Kwana uku ina tsugune bakin tafki,
taɓo ya haɗiye takalmina wari guda,
sauro ya karɓi zakka sau biyu.
Zalɓe nake jira, mai wuyan ludayi.
In na saita, ya kafe kamar turke.
In na sunkuya kurɓar shayi, sai fir!

Nomau masunci na ɗinkin koma, yana dariya:
"Kai da tsuntsun nan, wa ke farautar wa?"
Ran na huɗu ya goge ƙarni a wando,
ya ce, "Kun kwashe raƙumanmu da rijiyoyinmu a akwati,
ba wanda ya taɓa cewa ungo, danna."

Na miƙa, gabana na dukan uku-uku.
Ya danna.

Ga shi nan rataye a shagona:
sama a karkace, ruwa na neman zubewa,
babban yatsansa ya cinye kusurwa,
rabin fuskata, baki buɗe, ina cewa a hankali,
bayan kunnena kuwa
zalɓe, fukafukai shimfiɗe kamar tabarmar baƙo,
gefensu ja da ragowar rana.

Masu zuwa hoton katin ɗan ƙasa
kan tambayi wa ya ɗauka.
Sai in ce, gyara wuyan riga,
dubo nan, kar ka ƙifta.