Ƙofa Ta Dubu Uku Da Saba'in Da Huɗu

Shekara talatin da ɗaya na yi a tashar jiragen Valparaíso
ina sauke kwantena.
Abu guda na tsira da shi:
kayan da ba sunan mai shi a jikinsa
a bakin ruwa yake kwana.

Yanzu gwiwa ta yi hannun riga da matakalar unguwarmu.
Jikata Rayén tana can Punta Arenas,
inda iska ke fizge hula ba ta ba da haƙuri.
Daren Juma'a namu ne.
Ta hau kwamfutarta, in hau tawa,
mu yi tseren mota, ta ba ni ratar zagaye biyu
tana ƙyalƙyala dariya cikin kunnena.

Ran nan allo ya ce NAT ɗina a tsuke yake.
Na gayyace ta, ta gayyace ni,
ɗaki ɗaya muke nema,
kowa yana tsaye a waje.

Ta yi mini bayani da haƙurin da ban taɓa yi wa ubanta ba:
"Kaka, a idon duniya gidanka adireshi ɗaya gare shi.
Waya, talabijin, kwamfuta, duk 'yan haya ne.
Rauta ce mai gadi, tana riƙe da littafi.
Wanda ya aika saƙo waje, ta rubuta,
amsa ta zo, ta miƙa masa.
Baƙon da ya ƙwanƙwasa ba gayyata kuwa,
ba ta san wurin wa ya zo ba, sai ta sallame shi.
Ni ce baƙuwar."

Na ce, ashe kayan da ba suna ne.

Na ciji tocila, na kife rauta.
Kalmar sirri na ƙarƙashinta, baƙaƙe kamar jerin kiyashi.
Sau uku ina ɗaukar sifili a matsayin O.
Na yanka wa kwamfuta lamba tata ta dindindin
don kada gobe ta sauya ɗaki.
Na rubuta wa mai gadi:
duk wanda ya zo ƙofa ta dubu uku da saba'in da huɗu,
nawa ne, ki shigo da shi.
Na zare waya, na ƙirga talatin, na mayar.

A tsuke.

Shayi ya huce. Kyanwar Fresia ta leƙo ta taga, ta wuce.
Na bi waya da rarrafe har bayan kabad,
sai ga wata rautar, ta kamfani,
ta sha yanar gizo-gizo, tana ƙifta koren ido.
Masu gadi biyu a zaure ɗaya,
kowa da littafinsa, ba mai gaida wani!
Na karɓe littafin ɗaya, na ce daga yau ke gada ce,
a bi ta kanki a wuce.

Allo ya sassauta: matsakaici.
Da hanau gara mannau, amma Rayén ba ta shigo ba.

Washegari na kira kamfani.
Minti arba'in ina shan kiɗan jira
kafin wani yaro, Nibaldo, ya duba ya ce:
"Baba, tudunku gaba ɗaya adireshi guda muka ɗora ku."
Ashe da ni da Fresia da mai gasa burodi
duk bayan wani babban mai gadi muke, ba mu sani ba.
Ya ce zai ba ni nawa ni kaɗai,
kuɗin burodin kwana uku duk wata.
Na ce rubuta.

Juma'a, ƙarfe tara.
Wani jirgi yana kuka a ƙasan tudu, yana neman wurin tsayawa.
Allo ya ce: a buɗe.
Numfashinta na fara ji kafin muryarta.
"Kaka, ka shirya?"

A kwanar farko na daki katanga.
Ta tsayar da motarta a tsakiyar titi,
tana jira in juyo.