Motar da Sitiyarinta Ke Hagu

A Kobe, shekarar da aka haife ni,
ƙugiyar jirgin ruwa ta sauke akwatin katako guda.
Leburorin tasha suka ɓare shi da sassafe
kamar masu ɓare gyaɗa.
Ga Tarsini kwance a ciki, ja jawur,
ko ƙugun ubana ba ta kai ba,
sitiyari a hagu, a ƙasar da na kowa ke dama.

Littafin gyaranta da Italiyanci yake.
Zenji Kuramochi ko gaisuwarsu bai iya ba,
sai ya tokare ƙafar teburinsa mai rawa da littafin,
ya kafa kunne a jikin ƙarfe,
ya koyi harshen daga bakin mai shi.

Madam Hatanaka ce ta fara saya, dillaliyar lu'ulu'u.
Mazan unguwa suka ce ba za ta kai kwanar farko ba.
Ta kai, ta sha ta da hannu ɗaya.
Wurin biyan kuɗin hanya kaɗai ke ba ta aiki:
tagar mai karɓa na dama, ita tana hagu.
Sai ta ɗaura ludayin miya a bakin sandar gora,
ta miƙa sulallanta, ko kallonsa ba ta yi.

Bakwai muka sayar a shekara goma.
Kowacce ubana ya san tarinta,
ya san inda gishirin teku ke cinta,
don tsatsa ba ta tambayar farashi.

Sai kuɗi suka haukace.
Fili mai faɗin tabarma ya kai kuɗin ƙauye.
Samari masu sabuwar kwat suka yi layi,
ba mai tambayar yadda take hawan tudu,
sai nawa za ta kai baɗi.
Su saya, su lulluɓe, su kulle a ɗakin ƙasa.
Ubana ya ce, shaho ne a akurkin kaji.
Da kasuwa ta kife, banki ya aiko da janwe,
aka fito da su ɗaya bayan ɗaya,
ko gashin tayarsu bai kaɗe ba.

Asubar girgizar ƙasa
rufin shagonmu ya danne uku.
Ta huɗu, tsohuwar ta Madam, da ta zo sauya birki,
ta tsira da ido ɗaya.
Da dare ya yi ubana ya tura ta bakin lungu, ya tayar.
A haskenta maƙwabta suka tono
mai sayar da shinkafa da jikarsa,
ita kuwa tana ruri har man ya ƙare.

Wannan ba ya cikin littafin tarihin da kamfani ya buga.
Akwai hoton benen gilashi da suka buɗe a Tokyo,
da manya masu almakashi a hannu.
Babu wasiƙar da ta cire tambarin daga ƙofarmu,
layi huɗu, da godiya a ƙarshe.
Ramukan ƙusa shida na nan a bango,
ban bari an shafe su ba.

Jiya wani yaro ya kawo sabuwar fitowa, mai lantarki,
sitiyari a dama kamar ta kowa,
rurinta a lasifika yake, in an so a danna.
Ubana, tamanin da tara, ji ya tafi,
ya ɗora tafinsa a kan murfin inji, ya jira.
Ya daɗe yana jira.
Sai ya juyo: Mitsue, ce masa ya tayar mana.
Yaron ya rusuna, ya sake rusunawa,
ya ce ai tun ɗazu a kunne take.