Leda Biyu

Ranar Talata, bayan kowane mako uku,
nakan bar Argungu kafin assalatu.
Haliru na riƙe da kular shayi a cinyarsa,
babu shayi a ciki,
ƙanƙara ce da 'yar kwalba
wadda tsawonta bai kai ɗan yatsana ba.
Rabin fadamar babanmu na cikinta,
da injin ban-ruwa, da tunkiya uwar garke.
In mota ta faɗa rami
kular yake runguma,
ni kuwa in ji da ƙashin bayana.

A Birnin Kebbi, ɗakin ƙarshe, gefen darbejiya,
Sista Larai takan rataye leda biyu
ta bi bayan hannuna tana farautar jijiya.

Ta farko na san halinta.
Kimo.
Wutar da ake cinna wa gona bayan girbi ce,
ba ta tambayar ciyawa sunanta,
ba ta tambayar shuka.
Ta kwashe gashina a mako na uku,
ta shafa wa farcena baƙi ba lalle,
ta mai da miyar kuka da ruwan randa
duk ɗanɗanon tsohon kwano.

Ta biyun ce baƙuwa.
Likita Zalihatu ta zana mini a bayan kati:
garkuwa ce irin wadda jini ke ƙerawa,
sai dai an ƙera ta a waje,
an koya mata fuska ɗaya tak.
Sankarar da ta bar nonona ta sauka hanta
tana da tambari a goshi,
shi take bi.

Na ce, ashe hannun kakana ne.
Yakan nutse a Matan Fada ido rufe,
ya lalubi laka,
ya bambanta tarwaɗa da kurungu da tafin hannu.
To don me ba za a bar ni da ita kaɗai ba?
Ta yi dariya, ta ce, jikar masunta,
mai lalube ba ya raina masu kaɗa ruwa.

Ba ta ce mini warkewa ba.
Na tambaya sau biyu, ta ce lokaci.
Ta ce kuma baƙuwar kan taɓa zuciya,
shi ya sa duk wata uku ake shafa mini mai mai sanyi,
in ga tawa a allon na'ura
tana tsalle kamar kwaɗo a rijiya.

A gadon kusa da ni, Tumba ce daga Kalgo.
Ciwonmu ɗaya, tambarinmu ɗaya,
ledarta ɗaya.
Ba ta da fadama.
Takan ɗaga kai ta dubi ta biyun tawa
ta ce, yaya take a jiki?
In ce, sanyi kawai.
Sai mu koma zancen tsadar albasa.

Jiya hoto ya fito.
Abin da ke hanta, da ya kai goro,
yanzu gyaɗa ne.
Haliru ya fita waje, wai zai sayo ruwa,
ya dawo ba ruwa, ido jajir.

A hanyar gida na ga shinkafa ta fara kai.
Na ƙirga abin da ya rage a yatsu:
rabin fadama,
jijiya biyu masu kyau a hannun hagu,
da jarrabawar Ummita a watan shida.
Kular na cinyata, ba nauyi.
Ƙanƙarar ta narke, na sha.