Takardar Yawon Kogi

Daren jiya na zauna da alƙalami,
ni da na yi shekara talatin a gidan waya na Tawa
ina buga wa ranaku hatimi.
Na jera yinin kamar wasiƙu:
ƙarfe bakwai, bakin ruwa, gindin tsohuwar gada;
tara, Kanazi, mu gaida dorina;
sha ɗaya, Bubon, kasuwar Laraba,
tulu guda na uwargida, wanda ba ya tsatsa;
la'asar mun dawo Yamai.
Na ja layi biyu a ƙasa.

Habsu, jikata, ta karanta ta kwashe da dariya:
"Kaka, ita dorinar ta san da zuwanka?"

Bakwai saura kwata muna gaɓa.
Kabewa tuli-tuli, saukar jiragen dare,
masu wanki na ta dukan dutse
kamar shi ya ci musu bashi.
Sumana mai jirgi na kwarfe ruwa da gwangwanin tumatir,
bai ko ɗago ba.
Na ce jaka goma. Ya ce sha biyar, mai ya hau.
Muka daidaita a sha biyu, shayi a wuyansa.
Na miƙa masa takardar.
Ya karɓa da jiƙaƙƙen hannu,
ƙarfe tara ta narke a babban yatsansa.
"Baba, ka nuna wa kogi?"

Ni Ba'adare ne.
Ruwan da na sani yana can ƙasa, gaba ashirin,
sai ka roƙe shi da igiya.
Wannan kuwa tafiyarsa yake yi,
bai tambayi kowa hanya ba.

Takwas da rabi muka tashi,
don wata tsohuwa da buhun gishiri
ta ce a rage mata hanya,
kuma goggon Sumana ce.
Gaba da Gudel yashi ya riƙe cikin jirgin.
Na naɗe wando, na sauka,
na tura da kafaɗar da ta manta kaya.
Ruwan ya kama ni a gwiwa, sanyi har haƙori.
Agogona ya sha, ya tsaya a tara da minti shida.

Dorina? Kunne biyu da huci ɗaya,
can nesa, rana tsaka.
Habsu ta rantse ta ga uku.
Ni dai abin da na gani na faɗa.

Wani tsibiri da ba ya cikin takarda,
wani dattijo mai lambun albasa da zogale
ya ɗaga mana hannu, muka ratse.
Ba ya jin Hausa, Zabarmancina bai wuce gaisuwa ba,
amma ya gasa karfasa biyu, ya tura mini babbar.
Na yi alwala ba buta,
ba mai cewa a rage wa na baya.
Sai da na daɗe a kan wankin fuska.

Mun iske Bubon kasuwa ta watse,
jakuna sun juya gida.
Tulu ɗaya ya rage, wuyansa a karkace.
Mai shi ta ƙwanƙwasa shi kusa da kunnena,
ya amsa da murya mai kyau.

Da magariba muka hango fitilun gada,
jemagu na ƙetare sama, garke-garke.
Habsu ta zare takardar daga aljihuna,
ta ninke ta jirgi, ta ɗora a ruwa.
Ta nufi Gaya da sauran awoyina.

Ban hana ta ba.
Ina rungume da karkataccen tulu a cinya,
ina lissafin ramukan hanyar Dogon Dutsi,
da zanen da zan naɗe shi,
da abin da zan ce a ƙofar gida
in ta tambaye ni wuyan.