Tufka Uku

A saman bene, bayan kasuwar Taminus,
inda hayaƙin mai suyar dankali ke leƙo mu ta taga,
nan shagona yake: injin ɗab'i biyu, kwamfuta biyar,
da wayar tarho guda ta jan ƙarfe
wadda ta girmi gemuna.

Ita ke kai mana kaya Legas.
Taswirar gini, kalandar coci, rahoton ƙarshen shekara,
duk ta wannan siririn maƙogwaro.
Jummala takan danna, ta sauka sallar azahar,
ta ci gwate a wurin Maman Nanret, ta dawo,
shuɗin layin nan bai kai rabi ba.
Injiniya Bitrus ya kira sau huɗu.
A na biyar ko gaisuwa babu.

Ran Talata Davou ya hawo benen,
jaka a kafaɗa, filaya a aljihun baya.
Ya kasa kunne ga wayar kamar likita da mai tari,
ya ce, "Ba ciwo ba ne, Alhaji. Iyakar ƙarfinta ke nan.
A nemo mata 'yan'uwa."

Aka jawo biyu daga turken bakin titi.
Ya ajiye wani ɗan akwati mai korayen idanu uku,
ya ce, "Ga madugu.
Shi zai yanka kayanka gunduwa-gunduwa,
ya buga wa kowace lamba, ya raba wa layukan.
A can gaba ɗan'uwansa ya tara, ya jera,
ya ɗinke, ba ka ganin zare."

Na yi dariya, don ni na san wannan.
Babana a Bukuru da jakuna uku ya yi jigilar kuza.
Abin da ya fi ƙarfin gadon baya ɗaya
sai a kasa shi mangala uku.
Amma akwai Goho, kullum shi ne a baya,
yana sunsunar kowace ciyawa,
kuma ba a hawa sikeli sai ya iso.

Na ce, "Davou, cikin naka wane ne Goho?"
Ya sosa ƙeya. "Na tsakiya.
Ta Dilimi ya biyo, ruwa na shigarsa."
"To, a rage masa kaya."
Tare muka faɗa, ni da shi,
ni daga bakin babana, shi daga takardar makaranta.

Da la'asar Jummala ta danna.
Ta sunkuya neman takalminta ƙarƙashin tebur,
kafin ta ɗago, taswirar ta sauka Legas.
Ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

Ba zan ɓoye ba, ƙarshen wata takardar kuɗi uku ke zuwa,
jakuna uku, harawa uku.
Kuma uku ba su taɓa cika uku cif ba,
madugu ma yana cin nasa a hanya.
Nakan lissafa da biro a bayan ambulan,
in yi tsaki, in biya.

Sai daren nan na Agusta,
ƙanƙara na dukan kwano kamar ana bin mu bashi,
aikin asibiti na kan hanya, shafi ɗari biyu.
Aka yi tsawa. Idon tsakiya ya koma ja.
Na riƙe numfashi.
Biyun suka ɗan rage gudu, suka gyara kafaɗa,
suka wuce da kayan ɗan'uwansu.

Na zauna cikin sanyin, ina kallon koren biyu,
sai ga babana a gindin mangwaro,
ya naɗe wando, yana murza rama a cinya,
sili uku, yana tofa musu yawu,
bai ce min komai ba.

Da safe Jummala ta kawo ƙara:
tun da aka haɗa layukan nan
ba ta ƙara cin gwatenta da zafi a zaune ba.