Rufin Ɗakin da Bai Haɗu Ba

Daren da aka haife ka, Isidro,
ƙanƙara ta kama igiyar kwalekwale.
Kakarka Casilda ta sa ɗan yatsa a bakinka,
ta laluba sama, ta daɗe,
ta ce: rufin ɗakin nan bai haɗu ba.

Nono ya shiga ta baki, ya dawo ta hanci.
Uwarka ba ta samu sukunin kuka ba,
tana tatsa a gwangwani,
tana ɗiga maka da cokalin shayi
har zakaran maƙwabta ya yi cara.

Ni kuwa da iska nake ci.
Kara nake yanka, in jera goma sha uku,
dogo zuwa gajere, in ɗaure da zaren ulu.
Ubana haka, ubansa haka.
A gaɓar nan ta Titicaca
an san busarmu kafin a san sunanmu.

Kana shekara huɗu ka ɗauki ƙaramar sarewa,
ka cika kumatu, ka hura.
Ba ta ce uffan ba.
Iskar ta bi ta hanci ta sulale
kamar kifi a yagaggiyar koma.
Ka dube ni. Na dubi tafki.

Tumaki uku muka sayar, da bargon aurenmu,
muka hau motar La Paz.
Likita mai sanyin yatsu ta ƙirga haƙoranka:
ɗaya ya fito a karkace, ɗaya bai zo ba sam,
muƙamuƙin sama ya ja da baya kamar mai jin kunya.
Ta ɗinke ganɗar.
Ta ce sai mun dawo, mu kuma sake dawowa.

Yanzu kana tara.
Yara na kwaikwayon maganarka a hanyar makaranta.
Na ji. Ban faɗa wa uwarka ba.

Jiya da almuru ina feƙe kara a bayan ɗaki
sai ga wani sauti, siriri, dishi-dishi,
rabi busa, rabi numfashi.
Wuƙa ta tsaya a hannuna.
Kare ya ɗaga kunne.
Ban leƙo ba, don kada ka daina.

Sauti ɗaya ne tak,
ka riƙe shi tsawon shan ruwa kofi guda.
Shekara arba'in ina wannan sana'a,
ban taɓa yanka karan da ya yi irin wannan kukan ba.