Taku Goma a Bakin Densu

Dantani ya zo da madubi mai tsawon taɓarya,
ya kafa masa ƙafa uku a kan tudun gishiri,
ko takalmi bai cire ba.
Daga nan, in ji shi, yana ƙirga gashin wuyan zalɓe.

Tawa kyamarar guntuwa ce,
kwance na saye ta a kasuwar Nima,
ba ta ganin komai sai abin da ya yarda da ita.
Na naɗe wando, na shiga
tun Akra ba ta gama hamma ba.
Laka ta riƙe ni har gwiwa,
sauro ya yi kalaci da wuyana, na ƙyale shi.

Kirinjijiya bakwai.
Babbar ta ɗaga farar fuska ta dube ni,
na zama kututture.
Taku ɗaya, in jira.
Wani takun, in haɗiye tari.
A na goma ina jin baki yana tsotsar ruwa,
ina jin ƙarnin jiƙaƙƙen fiffike.
Yatsana yana kan maɓalli, na manta da shi.

Sai kwalekwalen Ataa Okai ya ɓullo,
suka tashi da fito.

A mota Dantani ya nuna mini arba'in, tas-tas.
Nawa ɗaya: ruwa yana zobe.
Ya yi dariya har da tafi.

Ɗigon da ya faɗo daga ƙafarta
ya bushe a kan madubina.
Yau kwana tara, ban goge ba.